Kachalla ce ta cinye fadamar Hadejia da Nguru, ko mu ne muka shimfiɗa mata tabarma?

Ɗan Guri:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Makon jiya na je gida ta'aziyya, kuma bayan an yi addu'ar uku sai na roƙi wani ƙanena ya tuƙa ni a kwale-kwale mu leƙa fadamar da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yake noman shinkafa lokacin muna yara. Ba mu iya isa ba. Tun daga bakin hanyar ruwan kachalla ta tsaya kamar katanga, tsayinta ya kusa ninka na mutum, ga ta a cushe yadda ko gora ba ta samun wurin sauka. A wurin nan ne muke tsinkar 'ya'yan bado, a nan mata suke yankar jema, a nan shanun Fulani suke kiwon buruku da roba idan ruwa ya ja. Yanzu ban ga ko ɗaya daga cikinsu ba, sai wasu itatuwan giyayya da suka bushe a tsaye cikin ruwa. Tambayata ga masana ita ce, daga ina wannan ciyawa ta zo mana? A gida wasu suna cewa tsuntsayen Turai ne suka kawo irinta, wasu kuma suna cewa da ruwan dam ta zo.

Jikan Sarkin Ruwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan wanda aka rasa, ya ba ku haƙuri. Malam, abin da ka gani a Guri shi ne halin da muke ciki a gefen Nguru. Ni dai kakana ya san kachalla tun yana saurayi, amma ya ce a 'yan kududdufai take, inda ruwa ba ya ƙafewa, kuma ba wanda ya damu da ita sai mai neman abin rufin ɗaki. Don haka ban yarda baƙuwa ba ce. Abin da na sani shi ne yanzu birgi ba ya buɗuwa a inda take, taru ba ya jawuwa, kuma karfasa da kawara sun yi ƙaranci a cikinta. Tarwaɗa da gaiwa ne suke jure wa ruwan, shi ma kama su sai an sha wahala.

Malamin Tsirrai:
Allah ya gafarta wa mamaci. Maganar kakan Jikan Sarkin Ruwa ita ce daidai, kuma a kanta ya kamata a ɗora muhawarar. Kachalla, wadda masana suke kira Typha domingensis, tsiro ne da ake samu a ƙasashe masu zafi kusan ko'ina a duniya, har da Afirka, tun kafin a gina wani dam. Ba tsuntsu ne ya kawo mana ita ba. Abin da ya sauya shi ne ɗabi'ar ruwan.

Fadamar Hadejia da Nguru ta ginu ne a kan cikowa da janyewa. Kogin Hadejia da na Jama'are suna kawo ruwa da damina, ya malale fadama wajen Agusta da Satumba, sannan ya ja a hankali har ƙasa ta bushe ta tsattsage kafin wata damina. Duk tsiron da Malam Ɗan Guri ya lissafa da wannan tsari ya saba. Bado yana ajiye dankalinsa cikin busasshen taɓo ya jira ruwa, kamar dai yadda gaiwa take yi. Buruku yana miƙewa tare da ruwa idan yana cikowa, ya kwanta ya kafa sabuwar saiwa idan ya ja. Giyayya da bagaruwa suna jure wa watanni a cikin ruwa, amma dole saiwarsu ta sami lokacin shan iska, shi ya sa ka gansu a bushe a tsaye. Ita kuwa kachalla fari ne maganinta: watannin rani da ƙasa take bushewa su ne suka tsare ta a kududdufai shekara da shekaru.

Da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai abubuwa biyu suka faru a kogin Hadejia. Babbar cikowar damina, wadda take wanke hanyoyin ruwa ta tafi da laka, ta ragu. A lokaci guda kuma ruwan da ake saki da rani ya sa kogin da a da yake ƙafewa ya koma mai gudu duk shekara, ba zurfi, ba ƙarfi. Ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shi ne ainihin abin da kachalla take nema. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Yadda take korar sauran tsirrai kuwa ba ta hanya ɗaya ba ce. Kan nan nata mai kama da zangarniyar gero yana ɗauke da iri dubbai masu yawa, marasa nauyi, iska tana kai su nesa, kuma suna tsira a kan jiƙaƙƙen taɓo. Da zarar ta kafu ba ta ma buƙatar iri, domin jijiyarta tana rarrafe a ƙarƙashin laka tana fitar da sabon tsiro gaba da gaba. Tsayinta yana tare hasken rana, ga shi bado ba ya rayuwa sai ganyensa ya shimfiɗu a buɗaɗɗen ruwa. Ganyenta da ya mutu ba ya ruɓewa da wuri, sai ya taru ya yi katifa a ƙasa, ya binne irin jema da lallaki yadda ko ruwa ya ja ba za su fito ba. Wanda ya ruɓe kuma yana cinye iskar da ke cikin ruwan, abin da ya sa kifin da ke iya shaƙar iskar sama, wato tarwaɗa da gaiwa, shi ne yake saura. Mafi muni a wurina shi ne yadda take rage gudun ruwa, laka ta kwanta a gindinta, hanya ta ƙara zama marar zurfi, ita kuma ta ƙara samun wurin zama. Da haka tsohon kogin Hadejia da hanyar ruwan Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata ta hanyar Marma zuwa tafkin Nguru, ya zauna a gonakin mutane ya ƙi ja.

Injiniyan Kadawa:
Malam, na gode da wannan bayani, kuma ban musa ilimin da ke cikinsa ba. Sai dai ina jin tsoron mai karatu ya tashi da fahimtar cewa dam shi ne mai laifi, a rufe magana. A tuna cewa an gina Tiga ne a daidai shekarun farin 1972 zuwa 1974, lokacin da mutane da dabbobi suke mutuwa. Ruwan da birnin Kano yake sha a yau, da shinkafa da alkama da tumatir na Kura da Bunkure da Garun Malam, duk a kan waɗannan madatsu suka dogara. Idan aka ce a rufe ƙofa da rani don kachalla ta bushe a Guri, wa zai je ya gaya wa manomin Kadawa ya haƙura da noman bana? Sannan akwai laifin da ke can ƙasa: shingen kamun kifi da ake kafawa a tsakiyar hanyar ruwa yana tare laka, kuma manoma suna fasa gaɓar kogi su ja ruwa zuwa gonakinsu ba tare da wani tsari ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Jikan Sarkin Ruwa:
Ranka ya daɗe Injiniya, dumba, wato shingen kifin da ka faɗa, kam ana kafawa, ba zan ɓoye ba, kuma dattawanmu da kansu suna faɗa a kan masu kafa ta daga gaɓa zuwa gaɓa. Amma masunci bai koma tare hanya ba sai da buɗaɗɗen ruwan da yake jefa birgi ya ɓace. Fasa gaɓa kuma, mafi yawa mutanen da hanyarsu ta toshe ne suke yi don ruwa ya iso musu, ko waɗanda ruwa ya kwanta wa suke neman inda za su sallame shi. Ciwon ne ya haifi waɗannan, ba su suka haifi ciwon ba.

Maman Fa'iza:
Assalamu alaikum. Ni a asibiti nake aiki a yankin Bade, kuma ina so a sa lafiyar mutane a cikin lissafin. Ruwan da ke kwance a gindin kachalla matattarar sauro ce, kuma mazaunin ƙananan dodon koɗin nan ne da suke ɗauke da tsutsar tsargiya. Yaran da suke wanka ko su a irin wuraren su ne muke gani da fitsarin jini. Ban da wannan, jan baki a cikinta yake kwana kuma yake sheƙa, da safe ya tashi kamar hadari ya sauka a gonar shinkafa ko gero. A gidan yayata yara uku ne suke wuni a gona suna kaɗa gwangwani lokacin da shinkafa ta fara nuna, makaranta kuwa sai bayan girbi.

Malamin Tsirrai:
Hajiya ta taɓo abin da ya sa nake cewa idan tsiro ɗaya ya mamaye wuri ba tsirrai kawai yake sauyawa ba. Wannan fadama tana cikin wuraren da duniya ta sani saboda tsuntsaye. A 2000 aka sanya tafkin Nguru da hanyar Marma cikin jerin dausayin yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar duniya ta kare dausayi, hekta 58,100, daga baya a 2008 aka ƙara Dagona da Baturiya. Agwagin da suke ƙetaro Sahara daga Turai da hunturu, da namu na gida irin su dinya da kirinjijiya, abin da suke nema shi ne buɗaɗɗen ruwa marar zurfi, da 'ya'yan bado, da irin ciyayi, da bakin taɓo mai tsutsa. Kachalla ba ta ba su ko ɗaya. Wanda take yi wa rana shi ne jan baki. Wato tsuntsayen ba su ƙare ba, an dai musanya masu yawan iri da iri ɗaya mai yawa.

Ga Injiniya kuma, ban ce a rushe dam ba, kuma ban ce a hana Kano ruwa ba. Abin da masana ruwa suka daɗe suna ba da shawara shi ne a daidaita sakin: a saki mai yawa a lokacin da Jama'are take cikowa don a kwaikwayi ambaliyar da, a kuma rage wanda yake wucewa ƙasa da rani fiye da buƙata, ko da na wasu makonni ne, don wasu sassan su bushe. Ba mu kaɗai abin ya sama ba. A kogin Sanagal, bayan an kammala madatsar Diama a 1986, ruwan gishirin teku ya daina hawowa, ruwa ya tsaya a matsayi ɗaya duk shekara, sai irin wannan ciyawa ta rufe gaɓar Sanagal da ta Muritaniya. Can ma tsiron na gida ne, ruwan ne aka sauya wa hali.

Baƙon Diffa:
Gaisuwa ga 'yan'uwa na Nijeriya. Ina bin wannan magana da kyau, domin ruwan da kachalla ta karkatar zuwa Nguru ai namu ne da bai iso ba. Komadugu, wato kogin da ruwan fadamar yake zubowa ciki, tana bi ta Gashua da Geidam kafin ta zama iyaka tsakaninmu da ku, kuma masu noman tattasai a nan da ita suka dogara. Ku ruwa ya yi muku yawa, mu yana yi mana jinkiri.

Amma ina so in ba Malam Ɗan Guri misalin baƙo na gaske, tunda an ce kachalla 'yar gida ce. Muna da wata ƙaya da ma'aikatan gandun daji suke kira Prosopis juliflora, 'yar'uwar ƙiryarmu ce amma asalinta daga nahiyar Amurka. A 1977 aka dasa ta a wani ɗan fili a gefen tafkin Chadi don tsayar da rairayi. Awaki da raƙuma da shanu suna son 'ya'yanta saboda zaƙi, irin kuma yana fita a kashinsu bai lalace ba, har ma ya fi saurin tsira. Da tafkin ya ja baya, sai ta bi garke ta cika busasshen ƙasan tafkin a gefen N'Guigmi, ta zama daji. Da ruwa ya dawo, kututturenta da ƙayarta suka hana jirage wucewa, suna yaga komar masunta. A ƙarƙashinta ciyawa ba ta fitowa sosai, kuma saiwarta tana zurfi tana shan ruwan da bagaruwa da aduwa suke buƙata. A Sudan ma an shigo da ita da kyakkyawar niyya, daga baya a 1995 gwamnati ta ba da umarnin a kawar da ita, kuma har yau tana nan. Duk da haka idan ka ce a sare ta baki ɗaya, masu gawayi da mata masu neman itacen girki za su fara yi maka gardama.

Ɗan Ardo:
Allah ya saka wa Baƙon Diffa. Mu makiyaya mu ne a tsakiya, domin ana zarginmu da yaɗa iri, kuma mu ne muke rasa kiwo. Buruku shi ne abincin shanu na ƙarshen rani, shi yake riƙe su har ruwa ya sauka. Saniya ba ta cin kachalla sai tana ɗanya sharaf, da ta girma ko kallonta ba ta yi, kuma dabbar da ta yawaita shiga wannan ruwan tana ɗauko ciwon hanta. Idan fadama ta rufe, dole garke ya matsa gefen gonakin rani, daga nan kuma kowa ya san abin da ke biyo baya. A tudu ma haka ne: wanda ya bi burtali ta ƙasar Maradi ya ga yadda garmani ya maye gurbin kyasuwa da gamba. Shi ma ba ya kama wuri sai inda kiwo ya yi yawa ƙasa ta gaji, kuma mu mun san da hannunmu a ciki.

Malamin Tsirrai:
Tunda Ɗan Ardo ya ambaci gamba, bari in ɗan ratse. Gambar nan da muke kukan ƙarancinta, wadda ake zana da ita, an kai ta arewacin Ostareliya a shekarun 1930 don kiwon shanu, kuma har yau da sunanta na Hausa suke kiranta. A can ta zama annoba. Tana yin tsayi da cushewa fiye da ciyayinsu, ba mai yankar ta ya yi zana, idan gobarar daji ta tashi sai wutar ta yi zafin da take kashe manyan itatuwa, kuma yanzu tana cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasar. Darbejiya kuwa daga yankin Indiya aka kawo ta, ta shigo Borno a 1928, kuma ba wanda zai ce a sare ta a Maiduguri, amma a filayen Akara ta Gana ta bazu cikin daji ta hanyar jemagu da tsuntsaye. Saboda haka ni ba na raba tsiro zuwa nagari da mugu. Ina tambaya ne, me yake tsare shi a da, kuma me ya cire wannan takunkumin?

Bambancin baƙo da ɗan gida yana da amfani a wuri ɗaya, wato wurin magani. Kainuwar nan mai shuɗin fure, ba tamu ta kainuwa dashen Allah ba, daga Amurka ta Kudu take, ta shigo ruwan Legas ta Badagry a 1984, kuma mutanen Yamai da Kainji sun san ta. Da yake ta baro maƙiyanta a gida, sai aka je can aka ɗauko wasu ƙananan ƙwari da ita kaɗai suke ci, aka sake su a tafkin Biktoriya a shekarun 1990, suka taimaka wajen rage ta. Kachalla ba ta da wannan hanya, domin ba wani ƙwaro ta baro a wata ƙasa ba. Maƙiyinta rani ne, kuma shi muka kore.

Injiniyan Kadawa:
Na karɓi batun daidaita sakin ruwa, amma a san cewa ba aikin mutum ɗaya mai riƙe da makullin ƙofa ba ne. Jihohi shida ne suke da hannu a wannan kwari na kogunan Hadejia da Jama'are da Komadugu, Kano da Jigawa da Bauchi da Filato da Yobe da Borno, shi ya sa aka kafa asusun haɗin gwiwa na kwarin a 2006. Sakin ruwa mai yawa da damina a hanyar da ta toshe kuwa garuruwa zai shiga, mutanen Auyo da Hadejia ba sa buƙatar a ba su labarin ambaliya. Dole sai an fara yashe hanyoyin. Motocin haƙa masu shiga ruwa da aka kawo Jigawa suna wannan aikin, kuma inda suka bi ruwa yana gudu. Inda nake tare da Malam shi ne, idan aka yashe aka bar ruwan yadda yake, bayan 'yan shekaru za a sake biyan kuɗin aikin. Ƙari a kan haka, takin zamanin da ke wankewa daga gonakinmu na rani da ƙazantar birni duk abinci ne gare ta, wannan kam daga wajenmu yake.

Maman Fa'iza:
To ba za a iya mayar da ita dukiya ba? Na ji a Muritaniya da Sanagal suna yin gawayi da ita, kuma a jami'ar tarayya ta Gashua an yi gwajin yin iskar gas ta girki da abincin dabbobi daga gare ta. Idan mata suka sami abin girki daga kachalla, ai goruba da bagaruwa za su huta da gatari.

Jikan Sarkin Ruwa:
Hajiya, ana iya yi, kuma masu saƙa tabarma da asabari suna amfani da ita tun tuni. Sai dai wanda bai taɓa yankan kachalla ba ba zai gane nauyin aikin ba. A cikin ruwa kake tsaye har ƙirji, ga matsattsaku, ga maciji, kuma ɗanyar nauyinta duk ruwa ne, sai ka loda jirgi ka fitar ka shanya ta koma ba komai. Abin da mutum goma za su yanka a wuni, idan ka dawo bayan wata biyu sai ka rantse ba a taɓa wurin ba.

Ɗan Guri:
Na gode wa kowa, na sami amsar da ta fi tambayata. Matasan garinmu suna shirin aikin gayya a kan hanyar ruwan da ke zuwa fadamarmu, kuma shawarar da suka yanke ita ce a jira iska ta kaɗa a cinna mata wuta. Malam, wannan zai yi?

Malamin Tsirrai:
Wuta ita kaɗai ba za ta yi ba. Tana cinye busasshen ganye, jijiyar kuwa tana kwance lafiya cikin laka, tokar ma taki ce, sai ta fito kore shar fiye da da. Idan kuma akwai sauran giyayya mai rai a gefe, ita wutar za ta kashe. Kachalla ta ganye take shaƙar iska, akwai ƙananan ramuka a cikinsa da suke kai iskar har jijiya, kuma ko busasshen karan da ya leƙo saman ruwa yana wannan aikin. Don haka a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi ɗaya ko fiye, a lokacin da ake sa ran ruwan zai ƙaru ba raguwa ba, yadda kututturen zai daɗe a nutse. A yi kafin kan ya nuna ya fara tashi a iska. A kwashe abin da aka yanka a fitar tudu, kada a bar shi ya ruɓe a wurin. Bayan makonni uku ko huɗu a koma a sake yanke duk wanda ya leƙo, kuma a shirya yin haka sau biyu ko uku. Gara a ɗauki gajeriyar hanya a riƙe ta da kyau da a buɗe mai tsawo a bar ta. Inda ƙasa ta bushe sosai da rani kuwa, a yi kaftu a juyo jijiyar sama rana ta ƙone ta.

Ɗan Ardo:
Idan kun buɗe wurin kada ku bar shi fili. Akwai inda buruku ya saura ta wajen Jama'are, kuma karansa ake dasawa a taɓo kamar rake. Ku gaya mini ranar, zan sa yara su kawo muku dami biyu a gwada.

Jikan Sarkin Ruwa:
Ni ma zan aiko da lauje masu dogon ƙota guda huɗu da muke aiki da su a nan. Malam Ɗan Guri, ka sa wanda ya san wurin ya kafa sanda mai alama a bakin hanyar tun yanzu, a riƙa duba ruwan kowace Juma'a, don mu san makon da ya fara hawa.